Wa Ke Riƙe da Mukullin Wi-Fi Ɗin Gidanka?

Daren Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar Isha'i, Goggona ta kira ni a waya. Daga jin muryarta na san ranta a ɓace yake. Datar wata guda da ta saya ta ƙare a kwana tara, kuma wannan ne karo na uku a jere. Malamar firamare ce da ta shekara talatin da biyar tana riƙe da alli kafin ta yi ritaya. Yanzu ɗan fansho da cinikin ƙanƙara da zoɓo ne ke riƙe da gidan. Ba don ƙawa ta sayi rauta, na'urar da ke ba gidan Wi-Fi, ba. Jikokinta biyu na shirin jarrabawar JAMB, sannan tana son ta riƙa ganin fuskar 'yarta da ke aure a Yamai.

"Ɗan nan," in ji ta, "ni dai na rasa gane kan abin nan. Yaron da ya haɗa mini ya ce wai datar ce ta yi kaɗan, in ƙara kuɗi in sayi babba. To, da wane kuɗin?"

Washegari da hantsi na isa gidan. Na kifa rautar, na karanta 'yar takardar da ke liƙe a gindinta, na shiga shafin sarrafa ta daga wayata. Sunan shiga: admin. Kalmar sirri: admin. Yadda ta fito daga kwali haka take, babu wanda ya taɓa. Na buɗe jerin wayoyin da suka saba hawa kanta na ƙirga goma sha huɗu, alhali wayoyin gidan gaba ɗaya huɗu ne. Kalmar sirrin Wi-Fi ɗin kuwa lambar wayar Goggo ce, wadda aka rubuta da fenti ɓaro-ɓaro a jikin ƙofar gida saboda masu sayen ƙanƙara. Samarin da ke zaune a dakalinta har tsakar dare, kowa kansa a sunkuye, ita a zatonta iska suke sha. Har ruwan sanyi take aika musu idan zafi ya tsananta.

Tun ranar nake cikin fushi. Samarin dakali suna da nasu kason, zan zo kansu, amma akwai waɗanda suka riga su.

Daga gidan Goggo kasuwar waya na nufa, shagon da aka sayar mata da na'urar. Na sami yaron da ake kira injiniya. Naira dubu biyar ya karɓa ranar da ya haɗa, kuma duk lokacin da aka kira shi don abin ya tsaya, sai an ba shi dubu biyu na mota da na ruwa. Sau huɗu ya zo. Na tambaye shi me ya hana shi nuna mata yadda ake sauya kalmar sirri, ko ya nuna wa jikokinta. Ko kunya bai ji ba. "Yallaɓai," ya ce, "ai Hajiya ba za ta gane ba. Kuma in mun koya wa kowa, mu me za mu ci?"

Maganar nan tasa ita ta sa na ɗauki alƙalami. Mace da ta koya wa ɗaruruwan yara karatu da lissafi, a ce ba za ta gane aikin minti goma sha biyar ba? Ƙarya ce. An hana ta sani ne da gangan, domin jahilcinta ya zama hanyar cin abincin wani. Kafinta ya kafa maka ƙofa, ya sa kwaɗo, sannan ya tafi da mukullin a aljihunsa, kullum kana son shiga ɗakinka sai ka aika a kira shi ka biya. Wa zai yarda da wannan a gidansa? Amma haka muke zaune da waɗannan na'urori, daga gidan malamin jami'a har na mai shayi da ya sa rauta don jawo masu ciniki.

To, ga abin da injiniyan ya ɓoye, in faɗe shi a fili kowa ya ji.

Kowace rauta mukulli biyu gare ta, kuma yawancin mutane ɗaya kawai suka sani. Na farko shi ne kalmar sirrin Wi-Fi, wadda kake sa wa a waya ka hau intanet. Wannan kamar mukullin ƙofar zaure ne. Na biyu shi ne kalmar sirrin shafin sarrafa rautar kanta, kuma shi ne mukullin ɗakin maigida, inda ake ajiye duk sauran mukullai. Wanda ya riƙe na biyu yana iya ganin na farko, ya sauya shi, ya kori wayarka daga rautar da ka saya da kuɗinka, ya kuma karkatar da zirga-zirgar intanet ɗin gidanka ta bi ta hanyar da yake so. Shiga shafin ba wani tsafi ba ne. Ka haɗa wayarka da Wi-Fi ɗin, ka buɗe burauza irin su Chrome, ka rubuta lambobin da ke jikin takardar gindin rautar a wurin da ake rubuta adireshi. Galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na'urorin Huawei da yawa kuma 192.168.8.1. Shafi zai buɗe ya nemi suna da kalmar sirri, su ma suna jikin takardar. Da ka shiga, kafin komai, ka sauya wannan kalmar ta shafin sarrafawa, ka rubuta sabuwar a littafi ka adana inda kake adana takardun gida. Sannan ka nemi wurin da aka rubuta Wi-Fi ko WLAN. A nan za ka ga sunan da wayoyi ke gani, wanda suke kira SSID, da kalmar sirrinsa. Ka sauya duka biyun. Kada ka sa sunanka ko na gidanku, domin babu dalilin sanar da duk mai wucewa a lungu cewa wannan siginar daga ɗakin wane take fitowa. Da ka adana, duk wayoyin gidan za su sauka daga kai, har da taka. Kada hankalinka ya tashi, ba ta lalace ba. Ka sake haɗa kowace waya da sabuwar kalmar. Wanda bai da ita ya tsaya a waje, kuma abin da ake so ke nan.

Idan wanda ya haɗa maka ya riga ya sauya kalmar shafin ya ƙi ba ka, akwai ɗan rami a bayan rautar. Ka tura tsinke a ciki ka danne kamar daƙiƙa goma, za ta koma yadda ta fito daga kwali, sai ka fara daga farko. Mai rautar da aka jawo mata wayar faiba daga kamfani ya fara tambayar kamfanin tukuna, saboda akwai saitin da su suka sa, kuma zai iya gogewa.

Maganar kalmar sirri na son a tsaya a kanta, domin nan aka fi cutar mu, nan kuma muka fi cutar kanmu. Ƙa'idar na'urar ita ce kalmar kada ta gaza haruffa takwas, tana kuma karɓar har 63. Mu kuwa sai mu tsaya a takwas ɗin cif, mu rubuta 12345678, ko lambar waya, ko sunan autan gida da shekarar haihuwarsa, abubuwan da duk yaron unguwa ya sani. Ka ɗauko kalmomi huɗu na Hausa da ba su da dangantaka da juna, kamar tulu da jaki da marka da lemo, ka jera su, ka cusa lamba da wata alama a tsakani. Ta yi tsawo, tana da sauƙin tunawa, kuma manhajojin da ke gwada kalmomin Turanci dubu-dubu za su sha wuya a kanta. Ka guji haruffa masu lanƙwasa, domin talabijin da wasu wayoyi ba su da su a allon rubutu. Waɗannan huɗun da na ambata kuma kada ka ɗauka, tunda yanzu duk mai karanta rubutun nan ya gan su.

A ƙarƙashin wurin kalmar sirri akwai zaɓin irin tsaron da za a yi amfani da shi. Ka zaɓi WPA2, ko WPA3 idan akwai. Idan ka ga WEP ka guje shi. Tun 2001 masana suka nuna yadda ake fasa shi, WPA2 ya fito a 2004, WPA3 a 2018. Duk wanda ya sayar maka da tsohuwar rauta ta hannu wadda WEP kaɗai ta sani, kwaɗon da ya fi shekara ashirin da karyewa ya sayar maka. Sai kuma wani maɓalli mai suna WPS, wanda aka ƙirƙiro wai don a sauƙaƙa wa mutane haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Banda dannawa, yana kuma aiki da wasu lambobi takwas. A Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya bayyana cewa rautar na duba lambobin ne kashi biyu, huɗu na farko daban, sauran daban, ta ƙarshe kuma lissafo ta ake yi daga bakwai ɗin farko. Saboda haka maimakon ɓarawo ya gwada miliyoyin lambobi, gwaji 11,000 ya ishe shi, aikin 'yan sa'o'i ga kwamfuta. Komai tsawon kalmar sirrinka, idan wannan tagar a buɗe take a tsohuwar rauta, ta nan za a shigo. Ka kashe shi a shafin sarrafawa. Tun 2011 aka san wannan a duniya, amma ban taɓa jin mai shago ɗaya ya faɗa wa mai saye ba.

Yanzu bari in juyo kan manya, kamfanonin da ke sayar da waɗannan akwatuna da tambarinsu a jiki. Idan talla ce sun iya Hausa. Ka kunna rediyo da safe ka ji su, da kiɗa da kirari da muryar ɗan wasan da kowa ya sani, suna kiran ka ka zo ka saya. Ka biya kuɗi ka buɗe kwalin, sai ka tarar da 'yar takarda da Turanci, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, wani lokacin har da Sinanci. Shafin sarrafawa Turanci. Saƙon gargaɗi Turanci. Hausar da ta isa a karɓi kuɗinmu da ita, me ya sa ba ta isa a yi mana bayanin kare kanmu da ita ba? Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi daga Kano zuwa Damagaram, daga zangon Kumasi zuwa Garwa, an kasa buga masa takarda guda mai layi goma? Ba tsada ba ce. Raini ne.

Kuma doka ba ta yi shiru ba. Dokar kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a farkon 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani da harshe mai sauƙi wanda zai fahimta. Hukumar NCC kuma ita ke amincewa da na'urorin sadarwa kafin a sayar da su a ƙasar nan. A Janairun 2025 wannan hukumar ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Hannun da ya iya sa wa ƙarin kuɗi hannu, ai ya iya rubuta sharaɗi ɗaya: kada a sayar da rauta sai da bayani a Hausa da Yarabanci da Ibo, kuma kada ta bari a hau intanet sai mai ita ya sauya kalmar da ta zo da ita. Wasu sun yi. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara aiki da irin wannan doka a Janairun 2020. Birtaniya ta bi sahu ranar 29 ga Afrilun 2024, ta haramta sayar da na'urar da ke hawa intanet da kalmar sirri guda wadda kowa ya sani. Na yarda cewa sababbin rautoci da yawa yanzu kowace da tata kalmar Wi-Fi take zuwa, wannan ci gaba ne. Amma mukulli na biyu, na ɗakin maigida, har yau admin ne a na'urori birjik da ke kan kantocin kasuwanninmu.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, data ce kawai aka sha, a sayi wata. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ƙirga ribar zoɓo ba. Amma ko a ajiye maganar kuɗi, akwai abin da ya fi ta nauyi. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar NIN. Layin da ke cikin rautar Goggo da sunanta aka yi masa rajista, da hotonta, da zanen yatsunta. Idan ɗaya daga cikin samarin nan ya yi damfara ta kansa, ko ya aika wa wani barazana, ko ya yaɗa hoton 'yar mutane, masu bincike layin za su bi, layin kuma ƙofar Goggo zai kawo su. Akwai dokar laifukan intanet tun 2015. Ko da daga baya gaskiya ta fito, wa zai biya tsohuwa kwanan da ta yi tana amsa tambayoyi, da kallon da maƙwabta za su yi mata?

Ɓarayin ma ba duka ne ke zaune a dakali ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar rautoci da kyamarorin tsaro, tana gwada kalmomin sirri kusan sittin da kamfanoni ke sa wa na'urorinsu, irin su admin ɗin nan. Ta kame dubban ɗaruruwa, masu su ba su sani ba. Ranar 21 ga Oktoban shekarar aka tura wannan runduna ta afka wa kamfanin Dyn, shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga jama'a da yawa a Amurka. Samari uku 'yan Amurka ne suka amsa laifin ƙirƙirar ta a 2017. Na'urar da ke ƙyafta fitila a kan teburinka tana iya zama bawan wani a wata nahiya, da datarka, da wutarka. Shi ya sa idan ka shiga shafin sarrafawa ka ga wurin sabunta manhajar rautar, ka danna, ka bar ta ta gama, kada ka zare ta daga wuta a tsakiyar aikin.

Akwai wata cutar da ake yi tun kafin a kai na'urar gida. Rautoci da yawa a kulle suke, layin kamfani ɗaya kawai suke karɓa. Mai shago ba zai tambaye ka wane sabis ne mai ƙarfi a unguwarku ba, wadda ta fi masa riba zai miƙo maka. Kafin ka fitar da ko kwabo, ka ari layukan kamfanoni daban-daban ka gwada a cikin ɗakinka, da rana da kuma bayan Magariba lokacin da kowa ya hau. Sannan ka lura da yaudarar 5G. Yawancin rautocin yanzu sigina biyu suke fitarwa, ɗaya a kan 2.4, ɗaya a kan 5, ma'aunin zangon rediyo ke nan. Na biyun wani lokaci sunansa kan fito da 5G a ƙarshe, sai mai shago ya nuna maka a waya ya ce ga shi, 5G ce ka saya. Wannan daban, sabis ɗin 5G na kamfanonin waya da aka fara a Najeriya a 2022 daban. Ka sa a nuna maka a jikin kwali. Amfanin sigina biyun kuwa shi ne, ta 5 ta fi gudu amma ba ta da nisa kuma bango na kashe ta, ta 2.4 ta fi tafiya nesa da ratsa gini. Wanda ke kusa da rautar ya hau ta 5, na ƙuryar gida ya hau ta 2.4.

Wurin ajiye ta ma sai na yi faɗa. A gidan Goggo a cikin kabad na same ta, tsakanin kwanukan samira, an lulluɓe ta da ɗan ƙyalle mai ado saboda ƙura. Injiniyan ne ya ce a sa ta nan don kada yara su taɓa. Sigina iskar rediyo ce, ƙarfe na mayar da ita baya, ruwa na shanye ta. Gidajenmu kuwa bulo ne da siminti, da rodi a cikin dakin, da rufin kwano, da tankin ruwa, da firji a falo. Ga shi ginin namu ba dunƙulallen gida ɗaya ba ne irin wanda masu ƙera na'urar suka zana a kwali. Ɗakuna ne a jere kewaye da tsakar gida, turakar maigida can, ɗakin uwargida nan, na amarya can, shagon samari a waje. Idan ka sa ta a ƙuryar ɗaki ɗaya, rabin siginar a titi take zuba, ɗaya ɓangaren gidan kuma babu, daga nan sai a fara zargin an fifita wani ɗaki a kan wani. Ka neme mata wuri a tsakiyar gidan gwargwadon iko, a sama, a sarari. Idan mai layi ce, tana kuma buƙatar ta ji ƙarfen sabis, don haka ka zaga da ita kusa da tagogi kana kallon fitilun siginarta har ka ga inda suka fi cika. Kada a rufe ta da komai. A watan Afrilu zafin garuruwanmu na haura digiri 40, na'urar da aka toshe wa hanyar iska za ta yi ta tsayawa tana tashi, kai kuma ka yi ta zagin sabis. 'Yar ƙaramar rautar nan ta aljihu mai batir, idan aka bar ta a caji dare da rana batirin kan kumbura. Da ka ga murfinta ya ɗago ka daina amfani da shi.

Bayan na kori baƙin wayoyi goma daga rautar Goggo, na zauna da jikokinta muka duba nasu wayoyin, domin ba duk ɓarnar ce daga waje ba. Waya na ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin kogin da ba ya ƙafewa. Da ta hau sai ta fara sabunta manhajoji, ta tura hotuna da bidiyo ma'ajiyar intanet, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka jefa a zaurukan dangi da na makaranta, YouTube ya ɗaga hoto zuwa mafi kyau. Netflix da kansa ya ce kallon sa'a ɗaya da hoto mai kyau na iya cin giga uku, mafi kyawun kuma har bakwai. A saitin Wi-Fi na waya akwai inda ake gaya mata cewa wannan layin a ƙirge yake, ta yi tsimi. Wa ya taɓa gaya wa mai saye haka? Kamfanin da ribarsa ke cikin saurin ƙarewar datarka ba zai gaya maka ba. Su ne kuma masu tallar data marar iyaka, alhali a can ƙasan takarda sun rubuta cewa idan ka kai wani adadi za a rage maka gudu har abin ya koma tafiyar hawainiya. Abin da ke da iyaka a kira shi mai iyaka. Kiran sa da wani suna ha'inci ne a ciniki, ko da an rubuta sharaɗin da ƙananan haruffa.

Mu ma masu gida muna da laifi, ba zan rufe wannan ba. Magidanci ya ƙi barin baƙo namiji ya wuce zaure, ya ɗaga katanga, ya sa mata kwalabe, ya kwana yana jin motsin ƙofa, amma da an zo kan rauta sai ya ɗaga hannu ya ce shi bai san kan abin yaran zamani ba, har yana faɗa da alfahari. Ta wannan akwatin duniya duka ke shigowa ɗakin 'ya'yanka da ƙarfe biyun dare. Rautoci da yawa na ba ka damar ganin wayar da ke kai, ka toshe wadda ba ka sani ba, wasu har ka sa lokacin da za ta rufe da dare. Akwai kuma layin baƙi, suna na biyu da kalmar sirri ta daban, wanda baƙo zai hau ba tare da ya kai ga na'urorin gida ba. Zaure ke nan, abin da kakanninmu suka gina tun kafin a haifi wanda ya ƙirƙiro rediyo. Ka ba baƙo da maƙwabci wannan, ka riƙa sauya kalmarsa. Ka kuma sani cewa tun daga Android 10 ta 2019, duk wayar da ke kan Wi-Fi ɗinka na iya nuna kalmar a matsayin hoton da wata wayar za ta ɗauka ta hau nan take. Ka ba mutum ɗaya, ka ba abokansa. Manhajojin nan kuma masu alƙawarin Wi-Fi kyauta, da yawansu kalmomin da masu amfani da su suka adana suke tattarawa su raba wa wasu, har da ta gidanku idan ɗanka ya sauke ɗaya.

Ku kuma 'yan boko na cikin dangi, masu digiri a kwamfuta da masu yi wa ƙasa hidima, kuna zuwa gaida iyaye ku hau Wi-Fi ɗinsu ku sha, ba ku taɓa kifa na'urar kun duba ba. Ni ma sai da Goggo ta yi asarar wata uku kafin na duba, kuma wannan na damuna.

Saura samarin dakali. Bayan na dawo gidan Goggo daga kasuwa, da yamma na fita na same su. Ban ɗaga murya ba, na dai gaya musu abin da suka riga suka sani: abin da ka ɗauka ba da iznin mai shi ba sata ce, ko ana ganin sa da ido ko ba a gani. Datar nan kuɗi ce, kuɗin kuma daga ƙullin zoɓo suka fito, ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar da ke aiko muku da ruwan sanyi ita kuke yi wa haka. Biyu sun sunkuyar da kai, ɗaya ya shiga ya ba ta haƙuri. Ta yafe, ta kuma ce in buɗe masa layin baƙi da rana, tunda shi ma jarrabawar yake shiri. Da sun roƙa tun farko da ta ba su.

Kafin in bar gidan na sa Goggo ta zauna da tabaraunta, ta shiga shafin da hannunta, ta sauya kalmar da kanta, sau biyu, ina kallo ban taɓa wayar ba. Minti goma sha biyu ta ɗauka. Ta rubuta matakan da Hausa a bayan littafin da take lissafin ƙanƙara, da irin kyakkyawan rubutun nan na malaman da.

Mai karatu, yau da dare ka kifa rautar gidanka ka karanta takardar gindinta. Ka shiga, ka sauya mukullan nan biyu, ka kashe WPS, ka ƙirga wayoyin da ke kai. Gobe ka je gidan mahaifiyarka ko goggonka ka zaunar da ita ta yi da hannunta. Idan za ka sayi sabuwa, kada ka bar shagon sai an nuna maka shafin sarrafawa an damƙa maka kalmarsa, wanda ya ƙi kuma ka ajiye masa kayansa ka karɓi kuɗinka. Idan kamfanin layinka ya cuce ka, ka kai ƙara gare shi bai saurare ka ba, lambar karɓar ƙorafi ta hukumar NCC ita ce 622, kuma kiran kyauta ne. Idan ka kira, ka tambaye su yaushe za a fara sa takardar bayani da Hausa a cikin kwalin rauta.